Shafin salsala ya ba 'ya'yana kakan da ba nasu ba

Tauraro biyu na ba shi, su ma albarkacin takardun ƙidaya. Shafin nan ne na neman salsala da ake biya duk wata, wanda mazauna Amurka suka saba ganin tallarsa. Maiɗakina baƙar fata ce 'yar ƙasar, danginta mutanen jihar Bajiniya ne tun fil azal, kafin kakanta ya haura Filadelfiya neman aiki kamar yadda ɗimbin baƙaƙen kudu suka riƙa yi daga wajen 1910. Ta wajena yaranmu suna jero kakanni tiryan-tiryan. Ta wajen uwarsu kuwa, ana wuce kakar surukata sai shiru. Shirun nan ne ya sa na ciro katin banki.

Farkon abin ya burge ni, gaskiya. Ƙidayar 1950, wadda sai a 2022 aka buɗe ta saboda dokar ƙasar tana rufe sunaye har shekara 72, ta nuna mana surukata tana ƙaramar yarinya a gidan ubanta. Daga nan muka yi ta komawa baya goma-goma har 1900. Ta 1890 babu, gobara ta lalata yawancinta a Washinton a 1921, wannan ba laifin kowa ba ne yanzu. Ta 1880 ta faɗi wane ne ɗa, wace ce mata. Sai ta 1870, ƙidaya ta farko da ta rubuta bayin da aka 'yanta da sunayensu. A nan muka ga tsohuwar da ake ba da labarinta a dangi, ga mijinta ma'aikacin gona, an yi musu alamar ba sa karatu ba sa rubutu.

To a nan aka ɓata mini rai. Shafin ya turo mini albishir wai ya gano mahaifin matar nan, da kakanninsa jere reras har zuwa wani Bature da ya taso daga Ingila ya sauka Bajiniya a shekarun 1600, bayan kafa Jamestown, garin farko na Turawan Ingila a Bajiniya, a 1607. Har da tambarin gida mai zane, har da hotunan fenti na mutane masu gashin aro. Dannawa ɗaya ya rage in haɗe su duka da bishiyar salsalar 'ya'yana. Na ce bari in ga hujja. Hujjar ita ce sunan dangi ɗaya, gunduma ɗaya, sai bishiyoyin wasu masu rajista da kowa ya kwafa daga wajen kowa. Babu takardar haihuwa, babu wasiyya, babu komai.

Na buɗe jadawalin bayi na 1860 a cikin shafin nasu, ba a wani wuri ba. Ga sunan mutumin da suka ce uba ne a sama, a gurbin mai bayi. Ƙarƙashinsa layi bayan layi, ba suna ko ɗaya: shekaru, mace ko namiji, launin fata. Haka aka rubuta bayi a 1850 da 1860. Cikin layukan akwai mace da shekarunta suka yi daidai da na tsohuwarmu. Wato mutumin da ya riƙe ta a matsayin dukiya shi aka miƙo mini a matsayin mahaifinta, da fara'a, kamar an yi mini goron sallah. Da na nuna wa surukata ta daɗe tana duban allon, sannan ta ce, "Ɗana, sunan nan ba gadonsa muka yi ba, manna mana aka yi." Na ce, "Mama, ba zan danna ba."

Na san iyayengijin bayi da yawa sun haihu da matan da suka mallaka. Tun 1662 dokar Bajiniya ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka mutum yakan haifi ɗa ya kuma lissafa shi cikin dukiyarsa. Jini zai iya haɗuwa. Amma wannan magana ce mai nauyi, ana kafa ta da takarda ko gwajin jini, ba a jefa wa iyali ita don suna ya zo ɗaya. Na rubuta wa masu kula da abokan ciniki, suka amsa cewa shawara ce kawai na'ura ke bayarwa, tantancewa aikina ne. To kuɗin me nake biya? Na'urar da ta san launin fatar matar daga ƙidayar 1870 ta kasa tsayawa ta yi tambaya?

Abin da ya warware mana ƙullin ma kyauta muka same shi. Laburaren jihar Bajiniya da ke Richmond ya ɗora rajistocin da aka yi bayan dokar 27 ga Fabrairu 1866, wadda ta halatta auren bayin da aka 'yanta. Jami'an Freedmen's Bureau, hukumar da aka kafa a 1865 don kula da 'yantattu, su suka bi suna rubutawa: sunan miji, sunan mata, shekaru, inda aka haife su, ubangida na ƙarshe, da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Ba na kowace gunduma ne ya tsira ba, amma namu yana nan. Gurbin ubangida na ƙarshe ya kawo sunan mutumin nan dai.

Zan faɗi alherinsu. Da wannan sunan na koma shafin, na sami takardar lissafin gadon mahaifin mutumin, hoto tsaf, ana karanta rubutun alƙalami. Bayan dawakai da garmuna da gadaje sai sunayen mutane, kowa da farashinsa a gefe, kuma a ciki akwai wata mata da 'yarta mai sunan tsohuwarmu. Tsara guda muka ƙara. A daren nan har na ce zan ɗaga su zuwa tauraro uku, domin da sai na yi tattaki zuwa kotun gunduma kafin in ga takardar. Mai bin dangin Bajiniya ya san darajar irin wannan, tunda ƙidayar jihar ta 1790 da kusan duk ta 1800 sun ɓace, wasu gundumomin kuma takardunsu sun ƙone a gobarar Richmond ta 1865.

Sai kuma wata ya ƙare, suka zare kuɗin sabuntawa ba ko sallama. Da na soke rajistar, hotunan takardun da na liƙa a bishiyarmu suka kulle, har da na lissafin gadon. Allah ya sa na riga na sauke su a kwamfuta. Duk mai shirin shiga ya sauke kowace takarda a ranar da ya gan ta, ya kuma duba abin da wani shafin salsala mai suna FamilySearch da laburaren jiha ke bayarwa kyauta kafin ya biya ko sisi. Idan danginka Turawa ne masu filaye da wasiyyoyi, wataƙila ka ji daɗinsa. Idan ta hanyar bauta suka biyo, kada ka yarda da abin da ya turo maka kan shekarun da suka gabaci 1870 sai ka ga takarda da idonka.

Jiya ƙanwar maiɗakina ta kira daga Baltimore tana murna, wai shafin ya gano musu kaka a Ingila. Na tura mata rajistar 1866, na kuma sake rubuta wa masu shafin ƙorafi.