Gwajin bayan ido na masu ciwon sukari: yadda na same shi

Shekara 8 ke nan da aka tabbatar mini da ciwon sukari, amma ban taɓa kai idona asibiti ba sai bana. Ni tela ne a Fagge, har yau ina zura zare a allura ba tare da tabarau ba, shi ya sa ban ga dalilin zuwa ba. Likitan da nake karɓar magani a wurinsa ne ya matsa, ya rubuta mini takarda. Ta yi wata biyu a durowar keken ɗinki kafin na ɗauke ta na nufi wani asibitin ido a nan cikin gari.

Layin yankar kati ya yi tsawo, wannan kam na saba. An sa ni na karanta haruffa daga nesa, na karanta tsaf har ƙasa. Daga nan nas ta ɗiga mini magani a ido biyu, ya ɗan yi zafi kamar sabulu ya shiga, ta ce in zauna minti 20 baƙin idon ya buɗe.

A nan ne kawai nake da ƙorafi. Babu wanda ya faɗa mini tun farko cewa maganin nan yana sa gani ya dushe na awa huɗu zuwa shida, haske kuma ya riƙa kashe ido. A kan babur na je. Da na fito cikin ranar azahar ko lambar waya ban iya karantawa ba, dole na bar babur ɗin wurin mai gadi na hau adaidaita sahu. Layi ɗaya a jikin takarda ya isa ya raba mutum da wannan wahala.

Ɗaukar hoton bayan idon kuwa, wato can cikinsa, ba ya ciwo ko kaɗan. Ka ɗora haɓa, ka jingina goshi, haske ya walƙa, shi ke nan. Abin da ya burge ni shi ne likitar ba ta sallame ni da rubutu kawai ba. Juyo allon kwamfutar ta yi gabana, sai ga cikin idona a zagaye, launin ruwan lemo, jijiyoyi sun bazu kamar saiwar bishiya. Ta sa bakin biro ta nuna mini wasu jajayen ɗigo guda huɗu, ba su fi tsinin allura ba. Ta ce yawan sukari a jini yana raunana bangon ƙananan jijiyoyin nan, sai su kumbura, wasu su fara yoyo. Wannan shi ne mataki na farko na ɓarnar da sukari ke yi wa ido, kuma a lokacin mutum ba ya jin ciwo, ganinsa ma lafiya lau. Tsakiyar wurin da nake ganin zare da shi bai taɓu ba.

Na ce, “Likita, makancewa zan yi?” Ta ce, “Malam, ka zo da wuri. Yanzu ba ka buƙatar aiki da hasken leza ko allura a ido, sai abin ya yi nisa ake kai wa can. Sukarinka da hawan jininka za ka riƙe.”

Duk da haka daren nan ban runtsa ba. Da idon nan nake ci da iyalina. Uwargida ce ta yi ta ba ni baki, washegari ta raka ni gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku. Nawa ya haura 8, alhali ƙasa da 7 ake so ga yawancin masu ciwon. Na san inda matsalar take: shayin safe mai sukari, tuwon shinkafa malmala biyu da dare, ga tsallake maganin sukarina, metformin, duk lokacin da ɗinkin sallah ya yi yawa. Yanzu malmala ɗaya ce, wake da kwaɗon zogale sun ƙaru, kuma bayan la'asar nakan rufe shago in taka a ƙasa na rabin awa. Wani maƙwabcina ya kawo mini maganin ɗigawa na gargajiya da kyakkyawar niyya, na yi masa godiya, amma ban sa ba. Na ga inda ɓarnar take da idona, can ciki ne.

Kuɗin gwajin bai kai na ɗinkin kaftani biyu ba, kuma wallahi ya ci kuɗinsa. Duk mai ciwon sukari da ya zauna a bencin shagona yanzu sai na tambaye shi yaushe rabon da a duba masa bayan ido, domin sau ɗaya a shekara ake so, ko da yana gani garau. Ni an ba ni ranar komawa, na rubuta ta a bango kusa da keke. Babban ɗana ne zai kai ni, kuma na riga na sayi baƙin tabarau na ajiye.