Sharhi: shiga dalar Khufu da tabarau na VR

Shirin kewaya babbar dalar Giza ta Masar da na shiga a wani gidan tarihi na Paris ya ci kuɗinsa. Ana ɗaura maka tabarau na VR, wato na'urar da ke nuna maka wani wuri kamar kana cikinsa, a sake ka cikin fili mai faɗi, ka yi ta tafiya da ƙafarka kusan minti 45, sauran masu kallo suna giftawa kamar inuwa don kada ku yi karo.

Abin da ya fi kama ni shi ne girma. Na daɗe da sanin cewa an gina dalar Fir'auna Khufu shekara 4,500 da suka wuce, da duwatsu kusan miliyan 2.3, kuma tsayinta na asali ya kai mita 146. Amma karatu daban, tsayuwa a gindinta kana ɗaga kai daban. Da muka shiga doguwar farfajiyar ciki mai hawa, wadda ta kai mita 47, sai na ga kowa yana taka ƙasa a hankali, alhali daɓe ne shimfiɗaɗɗe. A ɗakin sarki ga akwatin gawa babu komai a ciki, ga bango na jan dutsen da aka ɗauko ta kogin Nilu tun daga Aswan, tafiyar kilomita 800. Nan tsigar jikina ta tashi, ina tunanin hannayen da suka ja waɗannan duwatsu. Har ƙololuwa aka kai mu, inda dokar Masar ta hana kowa hawa.

Inda na ji ba daɗi shi ne wajen jana'izar sarki. An nuna ta da kyau, da jirgin ruwa irin wanda aka tono a gefen dalar a 1954, sai dai ba a rarrabe mana abin da masana suka tabbatar da wanda aka cike da hasashe ba. Yaro zai fito yana ɗaukar duka gaskiya ne, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Tabarau ɗin yana da nauyi, yana sa gumi. Mai saurin jiri ya guji leƙa ƙasa daga saman dalar. Malaman tarihi dai ina roƙonku, in dama ta samu ku kai ɗalibanku, amma ku zauna da su bayan an fito, ku amsa tambayoyinsu.