Courchevel, Zermatt ko Val Thorens: ina ya kamata ka kama masauki in za ka je wasan zamiya a ƙanƙara?

In Allah ya hore maka kana son kai iyali hutu duwatsun Alps na Turai, kar hoton ɗaki ya ruɗe ka, duk masaukan nan na alfarma suna da kyau a hoto. Fara tambaya tukuna: daga ƙofar gidan zuwa inda ake zamiya taku nawa ne? Takalmin wasan nan nauyi gare shi kuma ba ya lanƙwasuwa, tafiyar minti 10 a cikinsa kana saɓe da katakon zamiya ga yaro yana kuka, wallahi sai ka tsani hutun gaba ɗaya. Gidan da kana fita ka taka ƙanƙara ya fi tsada amma kuɗinsa bai ci banza ba.

Courchevel 1850, wato ƙauyen Courchevel na can sama a Faransa, can ne masu hannu da shuni suke taruwa, yana cikin yankin Trois Vallées mai hanyoyin zamiya kusan kilomita 600, kuma akwai gangare masu sauƙi ga ɗan koyo. Tsada kam ba a magana. Val Thorens ma yankin ɗaya ne, yana kan tsayin mita 2,300 don haka ƙanƙara ba ta cika yankewa ba, sai dai ba bishiyoyi, iska na kaɗawa sosai, wasu kuma tsayin kan sa musu ciwon kai a kwanakin farko. Zermatt a Suwizalan ya fi su kyan gani, ga dutsen Matterhorn a gabanka, ba a shiga da mota sai dai ka ajiye ta a garin Täsch da ke kusa ka hau jirgin ƙasa, amma yawancin masaukan a cikin gari suke sai ka hau wani abin kafin ka kai wurin wasa. Ga ɗan koyo ni Courchevel zan ce.

Sai batun otal ko gidan katako da ake kama wa gaba ɗaya da kuku da masu hidima. In kun kai mutum 8 ko 10 gidan ya fi, musamman saboda abinci, don girkin yankin akwai tarko: tartiflette, wato gashin dankali da cuku, da naman alade ake yinsa, fondue kuma da giya ake narka cukunsa. Kukun gida tun kafin ku iso za ka faɗa masa naman halal kake so, a rubuce, ba da baki ba.

Farashi yana tashi lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da kuma Fabrairu da yaran Faransa ke hutu, tsakiyar Janairu ya fi sauƙi. Bizar Turai ta Schengen ɗaya ta ishe ka ƙasashen biyu, amma duba inshorarka da kyau ko ta haɗa da ceto a kan dutse, don in aka karye har aka ɗauko mutum da helikwafta kai za a miƙo wa takardar biya.