Tuwita mai ƙubba ko ta fiyezo: wadda ta dace da lasifikar ɗaki

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a kan lasifikoki biyun da ka saya na hannu a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh da ke kudancin Jidda, waɗanda ka ce muryar ta hagun ta dushe kamar an lulluɓe ta da bargo. Ka ce mai gyara ya shaida maka tuwitarta, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti a cikin akwatin, ita ce ta ƙone, ya ajiye maka iri biyu ka zaɓa, ta fiyezo mai araha da mai ƙubba wadda ta fi ta tsada sosai. Tunda yawancin abin da kake saurare a ɗaki karatun Alƙur'ani ne da wa'azi, shawarata ita ce ka ɗauki mai ƙubba, amma da sharuɗɗan da in ba a cika su ba kuɗinka zai tafi a banza.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya, a tabbatar tuwitar ce ta mutu. A kwance ta, a zare waya ɗaya, a ɗora mata mita a ma'aunin om. Lafiyayyar mai ƙubba ta om 8 takan nuna kusan 6, ta om 4 kuwa kusan 3, in kuma mitar ba ta nuna komai ba to kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar siririyar wayar da ke cikinta, ya tsinke. Sai dai a yi hattara, domin ta fiyezo ba ta nuna komai a wannan ma'aunin ko da sabuwa ce fil, kuma da yawa an jefar da su a shara suna da ransu saboda rashin sanin haka. Idan tuwitar ta nuna lafiya, a duba kafasitar da ke kan wayarta, wato ɗan abin da ke tace sautin da ke isa gare ta, ko dalmar da ta saki. Akwai kuma tsofaffin masu ƙubba da aka zuba wa wani baƙin ruwa mai jan maganaɗisu don ya sanyaya kwayil, wanda shekaru da zafi irin na Jidda kan sa ya yi kauri har murya ta dakushe alhali waya ba ta tsinke ba.

Bambancin biyun daga cikinsu ya faro. Mai ƙubba ƙaramar lasifika ce sosai, tana da maganaɗisu da siririn kwayil da ƙubbar yadi ko ta ƙarfe mai faɗin milimita 19 ko 25, kuma tun lasifikar AR-3 da kamfanin Acoustic Research na Amurka ya fitar a 1958 ta zama abin da ake sa wa lasifikar gida. Ta fiyezo ba ta da maganaɗisu ko kwayil, wani ɗan faifan tangaran ne da yake lanƙwasa idan lantarki ya ratsa shi, an manna shi a bayan ƙahon roba, kuma kamfanin Motorola ne ya yaɗa ta a shekarun 1970. In ka ɗauke su a hannu za ka gane nan take, domin mai ƙubba tana da nauyi kuma tana jan sukundireba, ta fiyezo kuwa sakayau take kamar murfin kwalba.

Ta fuskar juriya da araha, ba na tauye wa fiyezo haƙƙinta. Da wuya ta ƙone, kuma saboda haka ne ake jera ta huɗu ko shida a goshin manyan akwatunan da ake kaiwa wurin walima da biki. Amma muryarta ba a daidaice take ba, wani sautin takan ɗaga shi fiye da kima, wani ta binne shi, musamman kwaikwayon da ya cika kasuwa yanzu. A fili, cikin hayaniyar taro, wannan kaifin shi ke kai magana nesa. A ɗakin da kake zaune taku uku daga lasifika kuwa, gajiyar da kunne yake yi. Na taɓa sa irinta a wata ƙaramar lasifikata a Makka, na kunna karatu bayan sallar asuba, sai na ji kowace sinun da sadi da zayun ta makarancin tana fita da tsini kamar ana goga allura a faranti, shinun kuma ta koma wani dogon huci da ya rabu da sauran harafin. Waɗannan haruffa a yankin da tuwita ke aiki suke zaune, don haka mai sauraren tajwidi ya fi kowa saurin jin aibin. Mai ƙubba ta yadi tana fitar da su a tausashe, tana kuma baza sauti a faɗin ɗaki, ba sai ka zauna saitinta ba.

Sharaɗi na farko shi ne om ɗin sabuwar ya zo daidai da na tsohuwar. A lasifika mai araha, abin da ke tare wa tuwita sauti mai kauri yawanci kafasita ɗaya ce tak, kuma an zaɓe ta ne bisa om ɗin tuwitar asali. Kafasita mai maikurofarad 4.7 da tuwita ta om 8 suna raba sauti tsakanin tuwita da babbar lasifikar akwatin a wajen haz 4,200 (haz shi ne ma'aunin kauri ko sirantakar sauti), amma in aka sa ta om 4 a kan wannan kafasitar rabon yakan haura zuwa wajen 8,500, sai a bar rami a tsakiyar murya. Ina jaddada wannan ne saboda shagunan kayan adon mota sun fi yawa a nan, kuma tuwitocinsu galibi na om 4 ne, mai shago zai ce maka duk ɗaya ne alhali ba ɗaya ba ne. Fiyezo ita ba ta bin wannan lissafin ko kaɗan, kafasitar da ke akwatinka kusan ba za ta yi mata aikin komai ba, kuma ana so a sa mata rezista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin lantarki, ta om 20 zuwa 50 a jere don kada ta wahalar da amfilifaya. Ka ga arahar tata ta fara zuwa da ƙarin aiki.

Na biyu, a duba ƙarfin muryarta da ake rubutawa da desibel, wanda a irin waɗannan yakan kama daga 88 zuwa 92. Idan sabuwar ta fi babbar lasifikar da ke ƙasanta a akwatin ƙara, rezista ta om 2 ko 3 mai wat 5 a jere tana kwantar da ita. Wadda ta gaza ƙara kuwa ba ta da magani, don haka gara wadda ta ɗan fi. Idan takardarta ta nuna lambar Fs, wato haz ɗin da tuwitar ta fi saurin girgiza a kansa, a nemi wadda lambar ba ta wuce rabin inda ake raba sautin ba.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi ƙi saboda kuɗi: a canza duka biyun, har da ta daman da ke da lafiya. Kunne ya fi saurin gane saɓani tsakanin hagu da dama fiye da ƙaramin aibin da ke cikinsu duka. A canza kafasitocin ma a lokaci guda da irin waɗanda ba su da kai da gindi, masu lamba ɗaya da tsofaffin, tunda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Wajen saye, ka tafi da tsohuwar a aljihu, ko ka auna faɗin ramin akwatin da faɗin fuskarta da tazarar ramukan sukuru a milimita kafin ka yi oda a Amazon ko Noon ko AliExpress. Fuska mai milimita 104 ta yi yawa a kasuwa, kuma kayan Dayton Audio da Visaton suna zuwa da cikakken bayanin awo, abin da marasa suna ba sa yi. Idan ramin ya fi sabuwar girma, kafinta zai yanka maka ɗan zoben falanki siriri ta zauna a kai, a shimfiɗa soso a ƙarƙashinta don kada iska ta riƙa fita ta gefe. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin a cire, domin wasu kamfanoni da gangan suke juya na tuwita, kuma yadda aka same su haka za a mayar. Ƙarfen dalma kada ya wuce daƙiƙa biyu ko uku a kan ƙafarta, saboda robar wurin tana narkewa, sukundireba kuma a riƙe shi da hannu biyu, don maganaɗisun yakan fizge shi ya huda ƙubbar.

Fiyezo za ta dace da kai ne kawai idan ka buɗe ka tarar ita ce a ciki tun asali, ko kuma kana nufin fitar da lasifikokin tsakar gida ranar taro. Idan ka sa mai ƙubba, ka kula da abin da ya kashe ta farkon, wanda a mafi yawan lokaci ƙaramar amfilifaya ce da aka murɗe har ƙarshe, sautin ya fara tsagewa, ta tura wa siririn kwayil ɗin zafin da ba zai iya ɗauka ba. Da ka ji muryar makaranci ta fara karcewa, ka rage ƙarar nan take, maɓallin tirebul kuma, wato na ƙara siririn sauti, ka bar shi a tsakiya.