Kalcar fitsari: abin da na tarar a ɗakin gwaje-gwaje

Wata biyu na yi ina fama da zafin fitsari, ya lafa ya dawo. Sau biyu aka rubuta mini Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, in shanye tas, in samu sauƙin kwana huɗu ko biyar, sai ciwon ya dawo sabo fil. A zuwana na uku likitar ta ajiye biro ta ce ta daina rubuta mini magani a kan zato, sai an yi kalca, wato an raini ƙwayoyin da ke cikin fitsarin, an ga wace ƙwayar cuta ce, kuma wane magani ne ke kashe ta. Ta rubuta M/C/S, gajeren sunan gwajin, a takarda, ta tura ni ɗakin gwaje-gwaje.

Ranar farko ba su kyauta mini ba, kuma har yau abin yana raina. Ta taga aka miƙo mini 'yar kwalbar roba, babu wanda ya ce uffan kan yadda ake ɗiba. Na ɗiba yadda na saba, na zauna da kwalbar a jaka kusan awa uku kafin layi ya zo kaina. Bayan kwana biyu takarda ta fito: ƙwayoyi iri-iri sun tsiro a cakuɗe, a maimaita. Ƙwayoyin da ke kan fata sun shiga cikin samfurin, zaman jira kuma ya ba su damar hayayyafa. Kwana biyu suka tafi a banza ina cikin ciwo, alhali bayanin minti ɗaya ya isa ya hana haka.

Da na koma, wata dattijuwar ma'aikaciya na samu, kuma ita ce ta wanke mini wurin a idona. Ta ja ni gefe ta rage murya. "'Yata, ki wanke hannu, ki yi tsarki da ruwa. Ki bar na farko ya zuba, na tsakiya muke so. Kada yatsanki ya taɓa cikin kwalbar ko murfin, kuma ki kawo nan take." Ta ce fitsarin da ya wuce awa 2 ba a sa shi a firji ba, ba a yarda da lissafinsa. Ta kuma tambaye ni rabona da shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ragowarsa a jiki kan danne ƙwayar ta ƙi tsirowa, a ce babu komai alhali tana nan.

Na ce mata, "Mama, me ya sa sakamako sai kwana uku?" Ta ce abu mai rai suke rainowa, ba a yi masa gaggawa. Ana shafa ɗan fitsarin a faranti mai abincin ƙwayoyi, a kwantar da shi cikin na'ura mai ɗumin jikin mutum, digiri 35 zuwa 37, na awa 18 zuwa 24. Washegari a ga abin da ya tsiro a gane shi, sannan a sake shuka shi tare da magunguna, ya ƙara kwana.

Ranar karɓar sakamako ta ɗago mini farantai biyu a rufe ta bayan gilashi. Na farko cike yake da ɗigo-ɗigo ruwan hoda, kowane ɗigo tarin ƙwayoyi ne da suka samo asali daga ƙwaya guda. E. coli ce, mai zama a hanji, wadda ita ke haddasa mafi yawan ciwon mafitsara. Ta ce a madubin likita ma ja-ja take fitowa idan an yi mata rinin Gram, wanda wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi tun 1884.

Faranti na biyu ne ya tsaya mini a rai. An jera wasu fararen takardu ƙanana kamar maɓallin riga a kan ƙwayoyin, kowace ɗauke da magani guda. Wata an yi fili tas a kewayenta, ƙwayar ta kasa kusantowa. Ana auna faɗin filin da milimita, hanyar da masu bincike Kirby da Bauer suka daidaita a Amurka a 1966. Ta nuna mini takardar Cipro da bakin biro: ƙwayoyin sun tsiro har jikinta, ko ɗan zobe babu. Maganin da na sha sau biyu ke nan ina jiran waraka. A nan na fahimci abin da ake nufi da ƙwayar cuta ta bijire wa magani, matsalar da binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ce ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019 kaɗai.

Takardar ta nuna E. coli fiye da 100,000 a kowace mililita, da harafin R, wato ba ya aiki, a gaban ampisilin da Septrin da Cipro, da harafin S, wato yana aiki, a gaban nitrofurantoyin da jentamaisin. Nan ma ina da ƙorafi. Babu ko layi ɗaya da ya fassara haruffan, babu gargaɗin a kai wa likita. Wanda ciwo ya ishe shi zai iya wucewa kantin magani ya sayi duk mai S. Likitata ce ta rarrabe mini: jentamaisin allura ce, tana iya taɓa ƙoda da ji, ba a fara ta kan ciwo irin nawa. Nitrofurantoyin kuwa a fitsari yake taruwa, ya dace da mafitsara, amma da ina da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, alamar abin ya hau ƙoda, da wani ta zaɓa. Ta ce in sha shi da abinci, kada in tsorata idan fitsari ya yi duhu.

A kwana na biyu zafin ya ɗauke, na ƙarasa kwanakin da ta ɗibar mini. Aikin cikin ɗakin na yaba da shi ƙwarai, kuma can zan koma idan bukata ta taso. Tagar karɓar samfur ce ke bukatar gyara, na kuma rubuta musu cewa su manna bayanin ɗibar fitsari a ƙofar banɗaki da hotuna. Wata huɗu ke nan ciwon bai dawo ba, takardar kuma tana cikin fayil ɗina don likitan da zai duba ni nan gaba.