Kasuwar kati ko kasuwar gaske: amsa ga Ustazar Gadarif

Ustaza, sannu da fama. Kin ce kina koyar da ilimin kasuwanci, wanda manhaja ke kira ulum tijariyya, a wata sakandaren 'yan mata a Gadarif da ke gabashin Sudan, ɗalibai 60 a aji, darasi minti 40, wuta kuma sai ta ga dama. Kina tambaya wanne ya fi: ki shirya musu ranar kasuwa su sayar da kaya da kuɗi na gaske, ko ki yi musu wasan ciniki a cikin aji. Na gwada duka biyun a shekarun da na yi ina riƙe da alli a wajen Sinnar. Ba abu ɗaya suke koyarwa ba, kuma a halin da ake ciki ni da na aji zan fara.

Na aji ba ya cin komai sai kwalin sabulu da almakashi. Ki yanka kati 48. Ɗalibai 24 manoman riɗi ne, kowace da ƙindari ɗaya (ma'aunin nauyi ne na amfanin gona), a katinta an rubuta abin da ta kashe wajen noma shi: huɗu 40, huɗu 50, haka har 90. Wasu 24 'yan kasuwa ne, a katinsu an rubuta iyakar abin da za su iya biya: huɗu 110, huɗu 100, har zuwa 60. Ba mai nuna wa wata katinta. Sauran 12 ki raba su, wasu dillalai, wasu magatakarda masu rubuta kowane ciniki a allo. Ki ba su minti biyar su yi ta taya da albarka. Ribar manomiya ita ce abin da ya hau kan kuɗin katinta, ta 'yar kasuwa kuwa abin da ta rage daga iyakarta.

Zagayen farko hayaniya ce zalla, wata za ta sayar a 55, wata a 95. Ki bar su. A zagaye na uku, da yake kowa na kallon allo, za ki ga farashi ya taru tsakanin 70 da 80, cinikin da ya faɗa kuma wajen 16. Ba wanda ya yanka musu wannan farashi. A nan ne za ki zana layin buƙata da layin kayan da ke kasuwa daga lambobin katin nasu, su gani da idonsu inda suka haɗu. Wasan ba ƙirƙirata ba ce. Wani malamin jami'ar Harvard, Edward Chamberlin, ya yi irinsa da ɗalibansa ya buga sakamakon a 1948, ɗalibinsa Vernon Smith ya gyara tsarin, har ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002.

Daɗinsa a Gadarif shi ne yaran sun san abin tun daga gida. Garin da kasuwar amfanin gonarsa ke juya riɗi da dawa, ba sai an yi wa yarinya dogon bayani kan dillali ba, wataƙila kawunta ne. Sai ki ce damina ta yi gardama, ki karɓe katin masu 40 da masu 50, su koma 'yan kallo. Farashi zai haura tsakanin 80 da 90, ciniki ya sauko wajen 12. Ki tambayi 'yan kasuwa masu katin 70 me ya sa suka tashi hannu banza. In lokaci ya rage wata rana, ki shigo da shel, wato manomi ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa tun tsakiyar damina a kan zai biya da amfani a farashi mai karya ƙashi, ki jera shi da cinikin salam da bankuna ke yi da manoma, inda banki ke biyan kuɗi tun yanzu a kawo masa amfani daga baya. Ranar da na yi wannan, wani yaro ya ce ai labarin babansa nake bayarwa, ajin ya yi tsit.

Inda wasan ya gaza, ba wanda ya yi gumi. Kati ba ya ruɓewa, ba ya zubewa a hanya, ba a biyan mai kura ya ɗauko shi. Yarinyar da ta yi asarar 30 dariya za ta yi ta koma wurin zamanta. Kuma ba ya koyar da riƙe littafi, wanda shi ne ke kayar da yara a jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare.

Wannan giɓin ranar kasuwa ke cikewa. Ƙungiyar mutum shida ta haɗa jari ta yi karkade, wato zoɓo, ko ta soya gyaɗa ta sayar a hutun fatur, lokacin karin kumallo, nan take za su gane cewa kuɗin ƙanƙara da leda da gawayi duk daga jikin riba suke fita. Za su koyi bambancin abin da aka tara da abin da aka samu. Akwai ma darasin da allo bai taɓa shigar mini da shi kan yara ba sai da suka ɗanɗana: sun sayi sukari a 100, sun sayar sun tashi da 120, suna murna, suka koma kanti suka tarar ya zama 130. Littafi ya ce riba, aljihu ya ce jari ya zaizaye. A ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kashi 300 cikin ɗari a 2021, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

To amma ki duba abin da zai ci miki. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 makarantu suka daɗe a rufe, da yawa suka zama masaukin waɗanda suka gudo, Gadarif kuwa ta karɓi jama'ar Wad Madani da na Sinja. Cikin 60 ɗin nan akwai wadda gidansu ke cin abinci sau ɗaya. In kika ce kowa ta kawo jari, kin raba ajin gida biyu kafin a sayar da kofi ɗaya. Ga matsalar tsabar kuɗi: tun canjin takardun 500 da 1,000 a Disambar 2024 mutane suka ƙara raja'a ga Bankak, wato tura kuɗi ta banki a waya, yarinya 'yar shekara 16 kuwa wayar wa za a tura wa? Sannan shiri kawai zai cinye miki darasi huɗu ko biyar, alhali kuna bin manhaja bashin watanni. A ƙungiyar shida kuma, biyu ne ke aiki, huɗu na riƙe murfin kula.

Ni abin da ya karya tawa ranar kasuwar ta farko, abin kunya ne a faɗa, mu malamai ne. Kowa ya zo ya sha, ya ce a rubuta sai albashi. Yaro ba zai iya bin ustazunsa bashi ba. Mun dai samu darasin bashin da ba ya dawowa, amma da tsada.

Saboda haka ga yadda zan yi in ni ne ke. Kasuwar kati sau uku ko huɗu a zangon farko, kowane karo minti 20 na ciniki, minti 20 na zama a kan lambobin allo. Kada ki yarda ƙararrawa ta cinye rabin na biyu, in ba haka ba wasa kawai aka yi. Ranar kasuwa kuma sau ɗaya, bayan sun iya zana littafin shiga da fita, kuma jarin kada ya fito daga aljihun yara. Ki nemi majalisar iyaye ko malamai biyu-uku su zuba, a rubuta yarjejeniyar mudaraba, wadda malamanmu na zaure ke kira ƙiradi: a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, misali rabi da rabi, ba wani adadi tsayayye ba, in aka faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, masu aiki su yi asarar wahalarsu. Kowace ƙungiya da mai ajiya daban, mai rubutu daban, kuma wata ƙungiyar ce za ta binciki littafinsu washegari.

Ki kuma rubuta a kwali da manyan baƙaƙe, ki rataya a gaban kowane tebur, cewa ba bashi, ko da shugabar makaranta ce ta zo.