Gyaran tsohuwar PSP-3000 a Kano: abin da ya gyaru da abin da ya ƙi

Duk wanda yake da PSP, wato na'urar buga gem ta riƙewa a hannu, a ajiye cikin durowa ko ƙasan akwati, kafin ya jona mata caja ya fara buɗe murfin baya ya duba batir. Tawa PSP-3000 ce, samfurin da Sony ya fitar a 2008, kuma ta yi shekaru a kwali tare da cajarta da faya-fayan gem ɗinta da ake kira UMD. Da na ɗauko ta, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin, robarsa ta tsage ta gefe ɗaya. Haka batirin litiyam yake yi idan ya daɗe babu caji, ga zafin bazarar Kano yana taya shi. Irin wannan ba a jona shi, ba a kuma huda shi, don yana iya kamawa da wuta.

Na kai ta kasuwar waya ta Farm Centre, wajen wani matashi mai gyaran waya da yake taɓa kayan gem. Abin da ya fara burge ni, bai yi gaggawar yanka kuɗi ba. Ya cire batirin ya ajiye can nesa da teburinsa, ya gwada cajata da mita ya ga tana ba da volt 5 ɗinta, sannan ya jona na'urar kai tsaye, domin PSP tana tashi ko babu batir a cikinta. Koriyar fitila ta kama, sikirin ya kawo, ta nemi a saita mata kwanan wata. Ya ce, "Yaya, fanel ɗinta lafiya lau. Tunda ta tashi, sauran duk mai sauƙi ne." Wannan gwajin nake ba kowa shawara ya nema kafin ya biya ko sisi, domin idan fanel, wato babban allon lantarkin da ke cikinta, ya mutu, kuɗin gyara zai iya kamo na sayen wata ta hannu.

A kan madannai ya fi nuna hannunsa. Alamar X sai an danne ta da ƙarfi take amsawa, ɗan analog ɗin kuma, wato madannin da ake turawa da babban yatsa don motsa ɗan wasa, yana jan ɗan wasan hagu ko ba a taɓa shi ba. Ya kwance fuskar gaba, ya jera sukurorin a kan maganaɗisu yadda ya ciro su, sai ga ƙurar hunturu ta yi dandazo ƙarƙashin robar madannan, ta haɗu da tsohon gumin hannu ta zama baƙin datti. Da auduga da sifirit ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya bari suka bushe kafin ya mayar. Analog ɗin bai gyaru da wanki ba, sai da ya ciro wani daga matacciyar PSP da yake ajiye da ita don kayan gyara. Ya faɗa mini gaskiya cewa na hannu ne, kuma har yau bai ba ni matsala ba.

Wajen faifai kuwa ya ce kada na ɓata kuɗina. Injin UMD ɗin yana juyawa yana ƙara, ya karanta wannan ya ƙi wancan. Maimakon haka na sayi 'yar adaftar da ake zura memorin waya a ciki ta zauna a gurbin memorin PSP mai suna Memory Stick Pro Duo, ya saka manhajar da ke karanta gem daga memori, muka kwafe faya-fayan da suka yarda suka karantu. Gem ya fi saurin buɗewa a haka, caji ma ya fi daɗewa tunda babu abin da yake juyawa.

Inda raina ya ɓaci shi ne batir. Na asalin 1200mAh ne, wato yawan cajin da yake ɗauka, kuma tun 2014 aka daina fitar da PSP, don haka sabon na asali ba abin samu ba ne yanzu. Na sayi wani a intanet da aka rubuta 3600mAh ɓaro-ɓaro a jikinsa. Girmansa ɗaya da tsohon, a hannu ma ya fi shi rashin nauyi, to ina aka zuba ninki ukun? Ana cikin wasa yana nuna saura rabi, sai na'urar ta ɗauke ɗif. Na biyun da mai gyaran ya zaɓo mini bai yi wannan cika bakin a jikinsa ba, kuma yana kai ni ƙarshen zaman dare ba tare da na nemi soket ba. Ku guji mai babbar lamba, ku kuma nemi a bar ku ku gwada kafin ku biya.

Akwai abin da gyara ba zai dawo da shi ba. Shagon sayen gem na cikinta an rufe shi tun 2016, Wi-Fi ɗinta kuma tsohon yayi ne, ba ya shiri da tsaron WPA2 da yawancin wayoyi suke amfani da shi wajen raba data. Amma haɗa PSP biyu a ɗaki ɗaya a buga gem ɗin ƙwallon ƙafa na PES yana nan daram, ba ya buƙatar data ko kaɗan.

Wani zai ce me ya kai ka, alhali manhajar PPSSPP tana buga waɗannan gem ɗin a wayar Android, hoton ma ya fi fitowa tas fiye da sikirin inci 4.3 na PSP? Gaskiya ne, kuma wanda gem ɗin God of War kawai yake marmari ya tsaya a wayarsa, bai yi asara ba. Ni dai danna gilashi bai taɓa gamsar da ni ba. Yatsa yana son ya ji madanni ya nutse ya dawo, kuma babu kiran da zai shigo ya katse maka wasa ana dab da cin ƙwallo. Na gamsu da aikin wannan matashi ƙwarai. Wanda tasa ta ƙi tashi a kan caja kuma yake son sayen ta hannu, ya buɗe murfin batir a gaban mai sayarwa, ya danna kowane madanni har L da R na sama, ya kuma duba sikirin a kan farin hoto ko akwai baƙin tabo.